Takun da Ke Bina Cikin Gero

In direbobi sun zauna shan shayi a tasha, kowa yana faɗin wurin da ya fi ba shi tsoro a duniya, ni shiru nake yi. Wannan ya ce sahara bayan Arlit, inda mota in ta mutu sai dai Allah. Wancan ya ce dajin hanyar Kwatano da 'yan fashinsa. Duk na bi su, na kwana a cikinsu, har minshari na yi. Amma in na faɗi nawa, dariya za su yi har shayi ya ƙware su. Nawa wata 'yar siririyar hanya ce wadda ko amalanke ba ta bi, daga ƙauyenmu zuwa Urafane, lokacin da gero ya yi kai ya fi mutum tsawo.

Ƙauyen namu ƙarami ne, ko mai kabu-kabu, wato ɗan acaɓa, sai ya yi tambaya kafin ya kai ka. Can na tashi a gaban kakata, uwar babana. Sunanta Tsahara, mu dai Iya muke ce mata. Gajera ce, baƙa, da ƙatuwar murya kamar ba daga jikinta take fitowa ba. Ni Lawali aka sa mini, amma ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Maigida take ce mini, kuma kullum ƙorafinta ɗaya ne, wai ta yi rashin sa'ar miji, ga rowa ga majina.

In an kusa girbi, da an idar da magariba an ci tuwo, sai a hura wuta tsakar gida a karyo zangarniyar ɗanyen gero a yi tumu. A babbake a wuta, a murza a tafin hannu, a hure ƙaiƙayin, a watsa a baki da zafinsa. Yaran gida mu kewaye Iya, hayaƙi na shigar mana ido, ba mai matsawa don kar a kwace masa wuri. Gatana muke jira, abin da mutanen Kano ke ce wa tatsuniya. Ita Iya ba ta buɗe ta yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta dubi ƙofar gida tukun, kamar ta ji sallama, sannan ta ce, "Ga ta nan tahe, ƙahwarta duk ƙura."

Mu kuma mu ce, "Ta zamna ta sha ruwa mu ji ta."

A shekarar da nake ba ku labari, babana ba ya gida. Da aka gama maimai, wato noma na biyu, ya ce zai leƙa arewa ya yi ɗan aiki ya komo kafin girbi. Ni da Iya muka raka shi bakin gari, muka tsaya muna kallon farar rigarsa har gero ya rufe ta. Girbi ya matso, ba shi ba labarinsa. A gidan ba mai ambatarsa. Inna, mahaifiyata, in ta zuba tuwo sai ta ɗauko kwanonsa, ta tuna, ta mayar.

Wani maraice Iya ta yi mana gatanar wata mata mai saida daddawa. Ta ci kasuwar Gidan Amumune, ta sayo sabon tulu, ta ɗauko shi a kai ta kamo hanyar gida cikin gonaki. Tana tafe sai ta ji taku a bayanta. Ta tsaya, takun ya tsaya. Ta ɗaga ƙafa, ya ɗaga. Ba ta waiwaya ba, ta ƙara sauri. Ashe abin nan da gudun mutum yake girma. Da fari takunsa kamar na ɗan akuya, tana ƙara sauri ya koma na jaki, da ta zuba a guje sai ga shi kamar na raƙumi, har tana jin hucinsa a ƙeya. Tulu ya faɗi ya fashe. Ta iso ƙofar gidanta, ga 'ya'yanta zaune suna jiranta, amma ba ta iya tsayawa ta kawar da asabari ba, sai ta wuce. Ta wuce garin, ta wuce na gaba.

"Har yau gudu take," in ji Iya, ta rage murya. "In kun ji gero na kas-kas ba iska, ita ce ta gitta. Abin kuwa yana biye." Sai ta kakkaɓe hannu. "Nan ta ƙare. Wanda ya kwanta bai wanke hannu ba, kusu ya wanke mishi."

Sauran yara suka yi ihu, suka ture juna, suka manta. Ni ban manta ba.

A wancan zamani kama yara ake yi a sa su lakwal, wato makarantar boko, kuma a ƙauyenmu ni kaɗai na rage ina zuwa. Babana da kansa ya kai ni, yana riƙe da hannuna, yana ta alfahari kamar an naɗa ni kwamanda. Lakwal ɗin tana Urafane, hanyar kuwa ita ce waccan ta cikin gero. Da safe na rataya jaka na shiga. Ban yi nisa ba ganye ya motsa a bayana. Sai ƙirjina ya ɗaure kamar an naɗa mini igiyar guga ana ja. Hannuwana suka yi sanyi, kunnuwana suka ɗauki kuka, numfashi ya ƙi wuce maƙogwaro. Na tabbata mutuwa zan yi. Na juyo a guje, ban tsaya ba sai bayan rumbunmu.

Kashegari haka. Jibi haka. Har ta kai ko maganar lakwal aka yi sai in sulale bayan rumbu. Mushe, malaminmu, ya aiko da saƙo ta bakin masu zuwa kasuwa: in ban komo ba kafin a yanke gero, zai soke sunana ya ba wani wurin.

Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, ta ce iska ce ta taɓa ni. Aka turara ni har na yi warin kifi busasshe, aka ba ni rubutu na sha. Ba laifi, na yi barci. Amma da safe hanya tana nan, gero yana nan, igiyar ƙirjina ma tana nan.

Iya ta zuba ido tana kallo. Ran nan da hantsi ta ɗauki sandarta ta ce, "Taso maigida. Ni na ƙulla, ni zan kwance."

Ta ja ni har bakin hanyar. Rana tsaka da haske, mata na daka, kaji na tono. Ta dubi cikin gero ta buɗe ƙatuwar muryar nan: "Ga ta nan tahe, ƙahwarta duk ƙura!"

Gwaggo Hajo ta saki taɓarya. A wajenmu kowane yaro ya san ba a gatana da rana, wanda ya yi ɓata zai yi, ya fita ya kasa gane hanyar gida. Manya ma da ke cewa camfi ne, ba za ka ji sun gwada ba.

"Iya! Gatana da rana tsaka? So kike ki ɓata?"

"Ni? Wace kunya ce a gonakin nan ban taka ba? In na ɓata ku nemo ni ɗakin mijina." Ta zungure ni da sanda. "Kai kuma an yi maka sallama, ba ka amsa ba."

Da ƙyar na ce ta zauna ta sha ruwa.

Abin da ya sa har yau nake ganin girmanta, ba ta taɓa ce mini ba komai a cikin geron ba. Kowa ya faɗa mini haka, kuma bai hana ni shaƙewa ba. Ita tana gaba ina riƙe da bakin zanenta, tana maimaita gatanar a hankali, muna tafiya. Da igiyar ta soma ja sai na ƙame. Ta juyo.

"Ya zo?"

Na gyaɗa kai.

"Ina yake? Nuna min."

Na dafa ƙirji.

"Mi yake yi?"

"Matse ni yake."

"To bari mu tsaya mu ga iyakar ƙarhinsa. Ba gaba, ba baya. Buɗe tahin hannunka. Tumu ne a ciki. Hure ƙaiƙayin, sannu sannu, in tsaba ɗaya ta zube ba ka ƙara cin tuwona."

Na tsaya cikin gonar mutane ina hura hannu wofi, hawaye na zuba. Na hura, na ja numfashi, na sake hurawa. Can sai na ji igiyar ta sassauta, kamar mai jan ya gaji.

"Ka mutu?"

"A'a."

"Ka tabbata? Don in ka mutu in sani, akwai masu sona."

Ranar ba mu yi nisa ba muka komo. Kashegari muka wuce inda muka tsaya jiya. Haka muka riƙa yi, kowace safiya mu ƙara kaɗan, kuma kowace safiya gatanar tana sauyawa. In an zo inda mai daddawa za ta ƙara sauri, sai Iya ta ce in ƙarasa.

"Ta tsaya," na ce, don na san abin da take so ke nan.

"Ta tsaya. Sai ta ce mishi mi?"

"Ta zage shi."

"Baƙo? A gidan wa aka koya maka? Gaisuwa ake hwarawa."

A haka ni da ita muka gina wa matar nan wani ƙarshe. Ta tsaya, ta hura hannunta, ta juya. Sai ga wani ɗan abu ƙanƙane, furu-furu, idanunsa duk tsoro. Ta ce sannu baƙo, ina za ka? Ya ce ban sani ba, ke nake bi, na ga kamar kin san hanya. Ta ce to in bina za ka yi ba ka bina hannu sake, karɓi tulun nan. Ya ɗauka. Suka tafi, tana gaba yana baya, har ƙofar gida.

"Ba ta kore shi ba?" na tambaya.

"Ina za ta kore shi ya tahi? Ba shi da kowa sai ita."

Akwai wani wuri da hanyar ke yin kwana, kusa da wani tsohon suri. Duk ci gaban da muka samu, in mun iso nan sai in ƙame kamar ranar fari. Iya ta lura. Ran nan ta tsaya ta waiwaya, ta hangi bakin gari ta tsakanin karan gero, sannan ta dubi surin. Ni ma na duba, sai na gane. Daidai nan farar rigar babana ta ɓace mana.

Ta zauna a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba a hanyar.

"Nan ne ko?" ta ce. "Ni ma nan ne."

Ban san tsofaffi na jin irin wannan ba. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta, na ji zuciyarta na bugu kamar ta ɗan tsako.

"Tun ran da ya tahi yake bina. Har makewayi. Kai kana da ƙahwar gudu, ni ba ni da ita, shi ya sa na riga ka koyon gaisuwa."

Muka zauna nan muka yi maganar babana, karo na farko tun tafiyarsa. Ta ba ni labarin yadda yana yaro ya taɓa gudun jakinsu saboda jakin ya yi kuka. Na yi dariya da majina. Ba ta ce zai komo ba. Ta ce ba ta sani ba, kuma rashin sanin ne ke taku a bayanmu.

Da muka iya kaiwa har inda ake hango kwanon lakwal, sai ta ce, "Daga gobe ni ce abin. Kai gaba, ni baya. Kar ka neme ni, ni zan neme ka."

Sai in shiga ni kaɗai. Can in ji kas, kas, ga ƙwas ɗin sanda. Ko da na san ita ce, gabana sai ya faɗi. In tsaya, in hura hannu, in juya.

"Sannu baƙo, ina za ka?"

Ta shaƙe murya daga cikin gero: "Kai nake bi, mai majina."

In miƙa mata gorar furata, ta ɗauka har bakin Urafane. Na koma aji, Mushe ya ja mini kunne, bai soke sunana ba. Wata rana ta biyo ni tun daga bakin gari, wata rana sai na kusa isa take ɓullowa.

Wata safiya, ana gab da yanke gero, na wuce surin nan sai na ji takun. Na yi murmushi, na tsaya, na juya na yi gaisuwa. Ba amsa. Na miƙa gora, ba hannun da ya fito. Hanya ce kawai, da gero tsaye ko'ina, ko iska babu. Igiyar ta ja har idona ya yi duhu. Ƙafafuna suka ce mu gudu. Na buɗe tafin hannu na hura, na hura, har na soma ganin gabana. Sannan na ce da ƙarfi, "To in bina za ka yi, taho." Na juya na ci gaba da tafiya irin ta kullum. Takun ya biyo ni har inda gero ya ƙare.

Da na komo gida na tarar da Iya kwance, zazzaɓi ya rufe ta. Inna ta ce tun asuba ko ƙofar ɗaki ba ta fito ba. Na durƙusa na faɗa mata a kunne. Ba ta buɗe ido ba.

"Ka gaishe shi?"

"Na gaishe shi."

"To mi kuma kake so? Ba ni ruwa."

Babana bai komo ba, har yau ba mu san inda ya kwanta ba. Ni na gama lakwal, na shiga mota, tun ina yaron mota har na kama sitiyari. Ina Agadas saƙo ya same ni. A shekarunta na ƙarshe hankalin Iya ya soma gushewa, tana kiran jikoki da sunayen matattu. Wata rana da hantsi, gero ya yi kai, ta ɗauki sandarta ta fita. Aka bi gonaki, aka leƙa rijiyoyi, aka yi cigiya kasuwa kasuwa har Baudeta. Wani makiyayi mai raƙuma ya ce ya ga wata gajerar tsohuwa tana biye da dabbobinsa. Ya tambaye ta ina za ta, ta ce su take bi. Ya ba ta ruwa, ya zaunar da ita gindin gawo, ya tafi kiran mutane. Da suka zo ba kowa.

Da na iso gida, Gwaggo Hajo ta dube ni, idanunta jajir, ta ce, "Na faɗa mata." Ba ta ƙara ba. Kowa a wurin ya san wace safiya take nufi.

Ni na yi lakwal, na ga tsofaffin da hankalinsu ya gushe a ƙasashen da ba a san gatana ba. Na san tsufa ne. Kaina ya sani. Ƙirjina ne bai yi lakwal ba.

Shekaru suka tafi, furfura ta fito, sai igiyar ta dawo. Ina tsaye a layin duwan, wato kwastan, ko ina kwance a masauki, haka kawai in ji ana ja. Likita ya auna zuciya ya ce lafiyarta lau. Ɗiyata Ramatu, wadda ke aiki a Maraɗi, ta ce, "Papa, c'est l'anxiété," wato ciwon fargaba ne, ta ja ni wajen wata mata da ke zama da mutane irina tana koya musu yadda za su bi da fargaba, su suna ce mata coach. Na tafi don kar a ce na ƙi. Yarinya ce sa'ar Ramatu, da tabarau, ga haƙuri. Ta koya mini jan numfashi, na ce ranki ya daɗe wannan na iya tun ba a haifi babanki ba. Ta yi dariya ta ce in ba ta labari. Na ba ta duka, ina yi ina ba'a, yadda na saba.

Ba ta yi dariyar ba wannan karon. Ta ce, "Baba, kana zuwa gida?"

"Kowace shekara."

"Wane lokaci?"

Da rani nake zuwa, gonaki fili fetal, kana bakin gari kana hango Urafane. Tun ɓatan Iya ban taɓa taka ƙauyenmu gero na tsaye ba, kullum da dalilina mai kyau, ga lodi, ga ruwa ya ɓata hanya. Na zaga ƙasashe, ashe mai daddawa ce ni, ina wuce ƙofar gida.

Ba ta ce in tafi gobe ba. Muka yi ta zama, mako bayan mako, muna matsawa kaɗan kaɗan. Ta sa na faɗi maganar Gwaggo Hajo da bakina, wadda ban taɓa maimaita wa kowa ba, ko matata. Ta sa na tsaya da mota a gefen gonar gero a hanyar Mayahi, na sauka na shiga taku kaɗan na fito. Ranar na jiƙa riga da zufa kamar na yi dambe.

Bara, ana gab da girbi, na sauka Urafane. Masu kabu-kabu suka rufe ni, Alhaji ina za ka, Alhaji hau nan. Na ce da ƙafa zan tafi. Suka dubi tumbina suka dubi juna.

Hanyar tana nan, ta ƙara tsukewa. Surin ya rushe, amma na gane kwanar. Ina wuce ta na ji shi. Kas, kas. Igiyar ta ja. Na tsaya, ƙato da ni, da furfura, ina hura tafin hannu. Na juya na ce sannu baƙo. Ba kowa, kamar wancan karon.

Ban san mene ne ba. Yarinyar mai tabarau tana da sunan da take ba shi, kuma na yarda da ita. Amma ina tsaye a wurin sai wani tunani ya zo mini, wanda ban taɓa yi ba a duk shekarun nan: in har akwai wanda ya ɓata cikin geron nan yana neman mai sanin hanya, to ni na daɗe ban zo ba.

Na juya na fuskanci ƙauye. Ban yi saurin da na saba ba. Na riƙa ɗaga ƙafa sannu sannu, irin tafiyar da tsohuwa za ta iya bi, ina tsayawa a kowace kwana in ɗan jira. Da muka fito bakin gari Gwaggo Hajo na zaune ƙofar gida, ta tsufa ƙwarai, ta kare ido da hannu tana dubana.

"Lawali? Kai da wa?"

Na ce ta sa a kawo ruwa, kofi biyu.